Soso na Goma Sha Biyu

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

'Yata ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta awon hawan jinina safe da yamma. Na ce mata jinin da ya shekara sittin da takwas yana hawa da sauka bai taɓa neman sakatare ba. Amma takarda ba ta yi mini laifi ba, bari in zuba mata wani abin.

Yau mun share bututun iska na gidan Lauya, ni da Dogo. Ga wanda zai tsinci littafin nan bayan raina, sana'armu ke nan: share hanyoyin da sanyin esi ke bi ta cikin silin ya shiga ɗakuna, da wanke injin kansa. Shekara talatin da ɗaya muna yi tare. Shi yana tsaye a ƙasa yake miƙa hannu ya kwance murfin bututu, ni kuwa sai na hau tsani, shi ya sa yake ce mini Guntu ko a gaban jikokina. A da mu biyu ne kamfanin. Yanzu 'yata ce ke riƙe da ofis da waya da takardu. Muna ce mata Manaja, ita kuma tana ce masa Kawu.

A takardar aiki Manaja ta rubuta: sama na Dogo, ƙasa da injin waje nawa. Da na leƙa na ga irin ranar da ke dukan injin wajen nan, sai na ce, "Dogo, kai ka fi kusa da rana, kun saba. Je ku gaisa." Ya ce, "Raggon banza." Ya ɗauki tiyo ya fita, ni na hau bene.

A ɗakin ƙarshe na sama mahaifiyar Lauya take, kowa Inna yake ce mata. Ƙafafu sun yi ritaya, baki kuwa yana kan aiki. An turo ta bakin ƙofa a kujera mai taya, tana kallona a kan tsani.

Ta ce, "Kai ɗan guntu, da furfurarka kake hawa sama kamar kyanwa?"

Na ce, "Inna, ƙasa ce ta gaji da ni."

Ta ce, "Ba ta gaji ba, jiranka take yi."

Ina cikin dariya tabarau ya suɓuce ya faɗi, ƙafarsa ɗaya ta fita. Ba tabarau, ba ni, ba aiki. Na ɗaure shi da abin da hannuna ya samu, na ci gaba.

Da muka loda kaya, Dogo ya yi tambayar da yake yi a ƙarshen kowane aiki. "Guntu, nawa?" Na ɗaga buhu na ce, "Cif." Muka taho.

Jini lafiya lau.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Na wanke sosaye na shanya a igiya.

Bari in yi bayani, tunda ba inda nake sauri. Muna da injin zuƙar ƙura mai dogon hanci, Giwa muke ce mata. In za a kunna ta, sai an toshe bakin kowane bututu da soso, don ƙarfinta ya taru wuri ɗaya. Sosonmu goma sha biyu ne, kowanne da jan zare a ɗaure, zaren kuma ana naɗe shi a ƙusar murfi yana lilo a waje. Dalili biyu ne. Na ɗaya, kada Giwa ta ja soson ciki. Na biyu, kada mai aiki ya manta. Ni na ƙirƙiro wannan tsari, kuma ba wanda ban yi wa wa'azi a kansa ba. Ba a mayar da murfi sai zare ya dawo hannu. Ba a tashin mota sai an ƙirga.

Na ƙirga daga dama. Na ƙirga daga hagu.

Ƙila a mota ya faɗi.

Talata, da yamma

Ba ya cikin mota. Ba ya cikin cikin Giwa, har hannu na zura.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Goma sha ɗaya.

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Akwai tsohuwar katifa a ɗakin ajiya da Maiɗaki ta hana a jefar, wai ko baƙi za su zo. Baƙin da za a shimfiɗa wa wannan katifa sai dai maƙiya. Na yanki gefenta daidai tafin hannu biyu, na ɗaura masa jan zare.

Ya fi 'yan'uwansa haske, kamar ango a cikin makanikai. Sai na kai shi bayan gida na murtsuke shi da ƙasa da ɗan baƙin mai.

Maiɗaki tana tsakar gida tana yankan farce. Ta ce, "Yau kuma wankin baya ake yi? Mutane na wanke datti, kai kana shafa shi."

Na ce, "Sirrin sana'a ne."

Ta ce, "Uhm."

Shekara arba'in ina jin wannan "uhm" ɗin, har yau ban san iyakar zurfinsa ba.

Ba ɓoyewa nake yi ba. Kayan aiki ne bai cika ba, na cika shi. Gobe akwai aiki, ba a zuwa aiki da kaya a gutsure. Haka ne kawai.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Lauya ya kira ofis. Ya ce ko'ina a gidan sanyi kamar cikin randa, ban da ɗakin Inna. Manaja ta ce a zo yanzu. Ya ce yana kan hanya, kuma ba ya son a shiga ɗakin mahaifiyarsa ba ya nan, a bari sai Litinin.

Har wata iska na ji ta shige ni. Litinin zan ce Dogo ya duba injin waje, ni in hau, minti biyar, in sa abu a aljihu, in ce wata 'yar ƙura ce ta taru. Kowa ya huta.

Kwana biyu ne kacal. Akwai fanka a ɗakin, na gan ta da idona. Na tabbata na ga fanka.

Litinin, 10 ga wata, da la'asar

Ba mu je ba.

Jiya da rana aka ɗauki Inna zuwa asibiti. Mai kula da ita ta fita kasuwa, ta dawo ta same ta. Ban tambayi yadda ta same ta ba. Tagogin ɗakin a liƙe suke tun da aka sa esi, kuma ni na ba da shawarar liƙe su, shekara shida da suka wuce, wai don kada sanyi ya tsere. An ce tsohuwar ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, ba ta son a ce ta cika fitina.

Lauya ya ce kada ƙafar ɗayanmu ta ƙara taka ƙofar gidansa. Ya faɗi wasu maganganun ma, Manaja ba ta maimaita mana ba, amma na ga fuskarta.

Babu fanka a ɗakin. A ɗakin kusa da shi na gan ta.

Talata, 11 ga wata, bayan azahar

Manaja ta zaunar da mu a ofis, ta rufe ƙofa. Yarinyar da Dogo ya riƙa ɗagawa sama tana taɓa silin tana ƙyalƙyala dariya, yau ita ce a bayan tebur.

Ta ce, "Baba, miƙo buhun soso."

Na miƙa. Ta zazzage a kan tebur, ta ƙirga da bakin biro. Goma sha biyu.

Ta sauke numfashi. "To, ba soso ba ne. Saura ƙofar iskar da ke cikin bututu, ko an bankare ta da burushi." Ta jawo takardar aiki. "Kawu, kai ka yi sama?"

Dogo ya ce, "Me takarda ta ce?"

"Ta ce kai ne."

"To."

Sai ta fara lissafo abin da duk mun sani muna kawar da kai. Watan jiya ya sa filta a juye. Kafin nan ya karanta gejin gas ba daidai ba, sai da na gyara. Ta ce, "Kawu, idon nan fa. Ba yau na so in yi maganar ba, wallahi nauyi nake ji. Ka ɗan huta a gida tukuna, har mu ga yadda za a yi." 

Dogo ya sa hannu cikin sosayen nan, ya ɗauki ɗaya, ya matsa shi, ya kai hanci ya sansana, ya ajiye. Ya ce, "To, 'yata. Allah ya ba Inna lafiya." Ya ɗauki hularsa, ya sunkuya ya fita, don ƙofar ofis ba ta taɓa isarsa ba.

Ni kuwa ina zaune ina goge tabarau da bakin riga. Na goge shi sosai. Bai taɓa yin haske irin na yau ba.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Jini ya hau. Ga shi na rubuta, Manaja, kin ga littafinki ya yi amfani.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Mijin Manaja ne ya tuƙa ni aiki. Mutumin kirki ne, amma ba a tsokanar suruki, haka muka tafi shiru kamar masu rakiyar gawa.

Wani tela ne esinsa ke zubar da ruwa a kan ɗinkin mutane. Na buɗe, filta ta zama bargo, ƙurar yadi ta toshe tiyon ruwa. Na ce, "Yaushe rabonka da wanke wannan?" Ya ce, "Wallahi watan jiya." Na ce, "Malam, wata biyu-biyu ake cire ta, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa ta bushe. Wannan ta shekara ba ta ga ruwa ba. Mutum na iya ƙarya, inji ba ya yi. Abin da ka cusa masa, shi zai faɗa a gaban jama'a."

Telan ya sunkuyar da kai. Suruki ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Laifi tudu ne. Na taka nawa daram, har ina ɗaga murya.

Juma'a, 14 ga wata, da la'asar

Kakata tana da wata tatsuniya ta mutumin da ya saci ƙararrawar wuyan akuya. Da ya ji masu akuya tafe, sai ya haɗiye ta. Aka caje shi tas, ba a ga komai ba, aka ba shi haƙuri, aka kama maƙwabcinsa. To, amma in ya yi dariya sai a ji ƙilin a cikinsa, sai ya daina dariya. In ya yi sauri, ƙilin, sai ya daina sauri. In ya rungumi ɗansa, ƙilin.

Ban san ƙarshenta ba. Kullum a nan barci ke sace ni a kan cinyarta. Da safe in na tambaya sai ta ce, "Wanda ya yi barci, ya saya da kuɗinsa."

Maiɗaki ta ce in ba ta tabarau ta kai wa mai gyara, in daina yawo da tsumma a fuska kamar mahaukacin kasuwa. Na ce ba zan iya wuni ba ido ba. Bayan ta fita na ɗauki almakashi. Na ajiye.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Na je gidan Dogo. Na same shi a ƙofar gida ya baje wata tsohuwar fanka ta maƙwabta, yana laluben ƙusa da yatsa a kan tabarma.

Ya ce, "A'a, manyan ma'aikata. Wa ke ɗaga ka yanzu in za ka shiga mota?"

Na ce, "Falwaya, an cire ka daga layi amma ba ka daina ƙara ba."

Muka yi dariya, amma tawa ba ta sauka ƙasa da maƙogwaro ba. Matarsa ta kawo ruwa, ta gaishe ni a taƙaice. A da "Yaya Guntu" take cewa har da tsokana, yau "sannu da zuwa" kawai. Ashe har unguwarsu an ji. Wani da ya ba shi gyaran esi ya aiko an karɓe, wai kada a kashe masa uwa.

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Zafi ya yi yawa bana."

Ya ce, "Ya yi." Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. "Ba ka kai tabaran nan gyara ba?"

"Ban samu sarari ba."

"Bar shi. Zaren yana da ƙarfi, zai riƙe."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce ina da uzuri, na taso.

Litinin, 17 ga wata, da azahar

Ban yi niyyar bi ta layin Lauya ba, ƙafa ce ta bi. Maigadi ya ce an kawo wasu masu farar mota da riguna iri ɗaya. Sun ƙara gas, sun canja wani abu a injin waje, sun haska tocila a bakin bututu sun ce ba komai, wai masu sharar ne suka lalata hanyar daga ciki, sai an fasa silin. Ɗakin yana nan kamar tanda.

Ba za su gani ba. Bayan kamu uku bututun ya yi kwana. Tocila ba ta shan kwana.

An ce Inna ta farfaɗo. Asabar za a sallame ta, kuma ta rantse ba ta kwana ko'ina sai ɗakinta.

Talata, 18 ga wata, da la'asar

Na je asibiti. Na tsaya a bakin ƙofa da 'yar ledar lemo kamar wanda ya zo neman aiki. Ta rame, an sa mata ƙarin ruwa a hannu, amma idon nan na nan.

Ta ce, "Kyanwa! Ka sauko daga tsani?"

Na ce, "Inna, ya jiki?"

"Ƙasa ta kira, na ce mata akwai wani guntu a gabana a layi." Ta yi dariya har da tari. Sannan ta kama hannuna. Hannunta ba nauyi, kamar busasshen ganye. Ta ce, "An ce abokinka dogon nan ne, ido ya tafi. An ce har an zaunar da shi. Ɗana yana da zafi, ni ba ni da shi. Ka je ka ce masa na yafe masa duniya da lahira. Tsufa ba laifi ba ne. Ka ji? Amana na ba ka."

Na ce, "Na ji, Inna."

Na sha ɗaukar Giwa ni kaɗai zuwa hawa na uku. Ban taɓa saukowa bene da kaya mai nauyin na yau ba.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Ban kai saƙon ba.

Laraba, da yamma

Maiɗaki ta fito da katifar nan tsakar gida, ta jingine ta a bango, wajen yankan yana kallona. Ta bari sai da na gama cin abinci.

Ta ce, "Malam, ni ban san aikinku ba. Amma na san ranar da na haifi Manaja kana wani gari, Dogo ne ya nemo mota. In ɓera ne ya ci katifar nan, ka faɗa mini in sa tarko. In ba ɓera ba ne, ka san inda za ka."

Ta kwashe kwanuka. Ko "uhm" ba ta yi ba. Ashe akwai abin da ya fi shi zurfi.

Alhamis, 20 ga wata, da hantsi

Na je. Fankar tana nan, ya haɗa ta, tana juyi. Ban zauna ba. Na ce, "Inna ta ba ni saƙo. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira."

Ya ce, "Allah sarki. Amma ɗan aike ya ɓata hanya. Ba nan gidan ba ne."

Na cire tabarau na miƙa masa.  Na ce, "Dogo, zaren nan..."

"Na soso ne. Na sani." Ko karɓa bai yi ba. "Tun a mota ranar nan na gan shi. Na ce a raina, Guntu ya cire soson ya ɗauki zaren, ai ba zai yi wauta ba. Na tambaye ka nawa, ka ce cif. Ranar da na sansana katifar matarka a kan teburin ofis, ranar na gane."

Na faɗa masa sauran. Na share bututun, na toshe, na kwance zaren na ɗaure tabarau, na ce ai zan tuna. Aka kunna Giwa ta ja shi ciki. Da na dawo na ga baki a buɗe, ba zare, sai na ɗauka na riga na cire. Na mayar da murfi ina ta hira da Inna.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya kashe fankar. "Gejin nan ba na ganinsa, gaskiyar 'yarka ce. Amma ja ina gani. Da na faɗa, da yarinyar nan ta ji a bakin wani cewa ubanta ya yi ƙarya. Na ce bari in ba shi kwana ɗaya ya faɗa da kansa. Na ba ka ɗaya. Na ba ka biyu. Guntu, kwana tara ina zaune a kan tabarmar nan, duk motar da ta tsaya sai in ce ga shi nan. Ka zo ranar Lahadi ka ce mini zafi ya yi yawa bana."



Ya ce, "Soson ba komai ba ne, kowa na mantuwa. Na ƙasa da baƙin man nan ne ya tsaya mini a wuya."

Ya shiga gida. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya fito da doguwar wayar nan mai ƙugiya da muke zaro tsumma da ita. Ya ce, "Tsohuwa za ta koma ɗakin jibi. Je ka ga 'yarka."

Alhamis, da la'asar

Na gaya wa Manaja.

Ba zan rubuta yadda ta dube ni ba. Ta ce, "Baba, a gabana fa. Da birona na ƙirga." Sai ta ɗauki waya ta kira Lauya da kanta, ta fita waje tana magana. Daga nan ta wuce gidan Kawunta. An ce a tsugune ta yi masa magana.

Juma'a, 21 ga wata, bayan azahar

Lauya da kansa ya buɗe ƙofa. Ya ce, "Minti goma. Kuma wannan dogon ba zai shiga ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan dogon bai taɓa shiga ɗakin Inna ba. Yana waje cikin rana yana yin aikina. Ni ne." Na faɗa masa duka, har katifa. Ya matsa gefe, ya ba mu hanya mu biyu.

Ɗakin ya yi zafin da na ji shi a haƙori. Gadonta a gyare, carbinta a kan matashi. A nan ta kwana shida, ita da abin da na bari.

Dogo ya miƙa hannu ya kwance murfi. Ya kafa tsani ya riƙe. Na hau, na zura waya, kamu ɗaya, biyu, uku, ta sha kwana. Na ji ta taɓa abu mai laushi. Na murɗa, na ja a hankali.

Ya fito baƙi ƙirin, a murƙushe. Bayansa sanyin kwana goma sha takwas ya biyo, ya watsa mini ƙura a fuska. Na tsaya a kan tsani ido na ruwa. Ƙura ce.

Lauya ya karɓi soson ya jujjuya shi. Ya ce, "Wannan ɗan abin?"

Na ce, "Shi ne."

Ya dubi Dogo ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na faɗi sunanka a wuraren da sai na koma na gyara." Ni kuwa bai ce mini komai ba. Ya miƙo mini soson da yatsa biyu, ya nuna mini ƙofa.

Kafin mu fita Dogo ya ce a ɓanɓare liƙin taga ɗaya, a kawo fanka, don inji inji ne. Lauya ya ce to.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Na wanke, na shanya. Goma sha uku.

Lahadi, 23 ga wata, da la'asar

Inna ta aiko a kira ni. Ɗakin sanyi ƙalau, har da mayafi a ƙafarta. Na durƙusa na ce abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ai yafiyar guda ɗaya ce na tanada, kuma na bai wa dogon. Je ka roƙe shi ko zai sam maka." Ta bar ni a durƙushe har gwiwa ta fara ƙara. Sannan ta ce, "Tashi, kyanwa. Kuskure na yafe. Shirun kuwa ba ni ka yi wa ba."

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Dogo ya dawo aiki. Manaja ta kai shi an auna ido, tabarau na zuwa. Ta ce shi ba ya karanta geji sai sun iso, ni kuma ba na ƙara hawa sama. Aikina riƙon tsani. An mai da ni mai riƙe wa mutumin da ba ya hawan tsani tsani. Soso na goma sha uku ta buga shi da ƙusa a bangon ofis, daidai inda nake zama. Tana ce mini Baba kamar kullum, amma ba ta ɗago kai daga takarda.

Mun yi gidan wata malamar makaranta, baki takwas. A hanya ya ce mini raggon banza sau ɗaya, na ji daɗinsa kamar an ba ni riga.

Da muka gama muka loda kaya, na ɗaga buhu na tsaya ina jiran tambaya.

Bai yi ba. Ya karɓi buhun, ya zazzage a bayan mota, ya riƙa ɗaukar soso ɗaya-ɗaya yana kai shi dab da ido, yana jan zaren ya ji ko ya ɗauru. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ƙirgawa a bayana ba.

Na buɗe masa bakin buhu, yana jefawa, ina riƙe.

Ina jin ƙarshen tatsuniyar kakata ke nan. Ƙararrawa tana fita, amma an riga an san ƙararta.

Goma sha biyu. Shi ya faɗa.